Wel da Dolfin: Yadda Suke Rayuwa, Yadda Suke Haihuwa, da Na'urorin da Ke Tona Asirinsu

Ranar Alhamis 14 ga Maris, 2024, ana cikin azumi, intanet ya yi sanyi a faɗin Najeriya da wasu ƙasashen Afirka ta Yamma. Manhajojin bankuna suka riƙa juyi ba sa buɗewa, bidiyo ya ƙi tafiya, masu POS suka yi ta ba abokan ciniki haƙuri. Dalili shi ne manyan wayoyin faiba huɗu da ke shimfiɗe a ƙarƙashin teku, wato WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, sun samu matsala a kusa da gaɓar ƙasar Kwaddibuwa.

Daga Nassarawa GRA a Kano zuwa bakin teku a Legas tafiyar kusan kilomita 1,000 ce. Duk da haka, saƙon da ka tura ƙasar waje daga wayarka sai ya gangara can ya nutse cikin ruwa, ya bi ta gidan wasu halittu da yawancinmu a TikTok da YouTube kawai muke ganin su: wel da dolfin. Ba su ne suka tsinka wayoyin nan ba, amma a da can sun taɓa yi. A 1957 wani masanin teku Ba'amurke mai suna Bruce Heezen ya tattaro rahotanni 14 na wel da suka sarƙe a wayoyin tangaraho, wani ma a zurfin da ya wuce mita 1,000.

A wannan maƙala za mu duba halayyar waɗannan dabbobi, da yadda suke hayayyafa, da abin da gwajin DNA ya nuna game da danginsu, sannan mu ga yadda fasahar da ke cikin wayarka ta zama kunnen da masana suke sauraron su da shi.

Ba kifi ba ne

Mun saba cewa "kifin wel", amma a rabe-raben masana halittu wel ba kifi ba ne, haka ma dolfin. Dabbobi ne masu shayarwa kamar saniya da akuya. Da huhu suke numfashi, jininsu ɗumi gare shi, suna ɗaukar ciki su haifi ɗa mai rai, kuma suna da cibiya. Jaririn dolfin da 'yan gasu a saman bakinsa ake haifar sa, daga baya su zube. A cikin fiffiken da suke iyo da shi akwai ƙasusuwan hannu da na yatsu. Hanya mafi sauƙi ta gane su a bidiyo ita ce jela: kifi yana kaɗa jelarsa dama da hagu, su kuwa sama da ƙasa suke kaɗa tasu.

Akwai nau'i kusan 90, an kasa su gida biyu. Gida na farko ba su da haƙora, sai wata matata mai kama da tsintsiya a baki, wadda suke tace ƙananan jatan lande da ita daga ruwa. A nan shuɗin wel yake, dabba mafi girma da aka sani a duniya. Tsawonsa yakan kai mita 30, nauyinsa ya wuce tan 150. Wannan nauyin buhun siminti 3,000 ke nan, lodin tirela biyar masu ɗaukar buhu 600. Gida na biyu su ne masu haƙora, cikinsu har da dolfin iri-iri, da oka mai launin baƙi da fari, wanda shi ne babba a dangin dolfin, da kuma wel mai anbar.

Sunan anbar ba baƙo ba ne ga masu sayen turare a Kano. Asalinsa wani dunƙule ne da ke haɗuwa a hanjin wannan nau'in wel, ya yi shekaru yana yawo a kan ruwa har warinsa ya koma ƙamshi. Yawancin turarukan zamani da sinadarin da aka haɗa a masana'anta ake yin su, domin na asalin yana da wuyar samu. Ɗaliban hadisi kuma sun san labarin rundunar Abu Ubaida ɗan Jarrah, wadda yunwa ta kama a gaɓar teku, sai ruwa ya jefo musu wata ƙatuwar dabba da ake kira anbar, suka yi kwanaki suna ci.

Tunda sai sun leƙo sama suke shaƙar iska, barci irin namu halaka ne a gare su. Shi ya sa dolfin yake kwantar da rabin ƙwaƙwalwarsa, ɗaya rabin yana farke yana lura da numfashi da abokan gaba, in an jima su yi musanya. Wajen nutso kuwa, an samu wani nau'in wel mai tsinin baki da ya kai zurfin mita 2,992, aka kuma samu wani irinsa da ya yi minti 222 bai fito ya shaƙi iska ba.

Masu gani da kunne

Haske ba ya nisa a cikin teku. In ka wuce zurfin mita 200 saura kaɗan ya rage, a mita 1,000 kuwa duhu ne ƙirin. Sauti shi ne sarki a can: yana gudun kusan mita 1,500 a sakan ɗaya a cikin ruwa, alhali a iska kusan mita 340 yake yi.

Ga yadda dolfin yake amfani da wannan dama. A ƙarƙashin ƙofar hancinsa, wadda ke tsakiyar kansa, akwai wasu tsokoki masu kama da leɓɓa da yake tura iska ta tsakaninsu, su fitar da ƙara ƙas-ƙas-ƙas da sauri. Curin kitsen da ke goshinsa yana tattara ƙarar ya harba ta gaba kamar hasken tocila. Idan ta bugi kifi ko dutse sai ta dawo, kitsen da ke muƙamuƙinsa na ƙasa ya karɓe ta ya miƙa wa kunne. Daga tsawon lokacin da amsar ta ɗauka da yanayin da ta dawo, dolfin yana gane nisan abu da girmansa da inda ya dosa, har kifin da ya ɓuya a cikin yashi. Kunnen mutum yana tsayawa a sautin da ke girgiza sau 20,000 a sakan, na dolfin kuwa yana kaiwa kusan 150,000.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a wurinka, mai karatu. Mai juna biyun da ta je sikanin a Asibitin Nassarawa, na'urar da ake goga mata a ciki sauti take aikawa, ta karɓi amsa, kwamfuta ta mayar da amsar hoto. Sensar da ke yi wa direba ƙara idan yana ribas ya kusa bugun katanga haka take aiki. Samsung Galaxy S10 da ta fito a 2019 da irin wannan sautin take karanta zanen yatsa ta cikin sikirin. Bambancin kawai, na dolfin ba ya buƙatar caji.

Suna, waƙa da gadon al'ada

A shekarun 1960 wasu ma'aurata masu bincike a Amurka, Melba da David Caldwell, suka lura cewa kowane dolfin yana da wani fito nasa na kansa da yake yawan maimaitawa. Yana ƙirƙirar sa tun yana jariri, ya riƙe shi har tsufa. A 2013 Stephanie King da Vincent Janik na Jami'ar St Andrews a Sikotilan suka sa wa dolfin fitonsa a lasifikar cikin ruwa, suka ga yana amsawa, amma ba ya kula idan aka sa na baƙon da bai sani ba. Wato fiton yana aiki kamar suna. A shekarar dai wani binciken ya nuna dolfin yana iya tuna fiton abokin da suka rabu fiye da shekara 20. A 2023 kuma aka gano uwar dolfin tana sirantar da muryarta idan tana tare da ɗanta, kamar yadda uwa take yi wa jariri wasa.

Wel mai doro kuwa mawaƙi ne, kuma maza ne suke waƙar, galibi a lokacin barbara. Duk mazan yanki ɗaya waƙa ɗaya suke rerawa, tana canzawa sannu a hankali. Binciken da Ellen Garland ta jagoranta, wanda aka buga a 2011, ya nuna sabuwar waƙa takan ɓullo a gabashin Ostareliya, ta riƙa yaɗuwa daga wannan garke zuwa wancan, har ta kai tsibiran da ke da nisan dubban kilomita cikin shekara biyu. Duk garken da ta isa sai ya watsar da tsohuwar. Masu bin sautin da ke tashe a TikTok ba sa buƙatar ƙarin bayani. Muryar wannan wel ɗin tana cikin faifan zinaren da hukumar NASA ta maƙala wa kumbunan Voyager a 1977.

Akwai kuma sana'ar gado. A gaɓar yammacin Ostareliya wasu dolfin suna tsinko soson teku su sa a baki, don kada duwatsu su ji musu ciwo idan suna tonon kifi a ƙasan ruwa. Uwa ce take koya wa 'ya'yanta, kuma 'ya'ya mata sun fi riƙe sana'ar.

Ciki, haihuwa da shayarwa

A nan ne babban raunin waɗannan dabbobi yake. Tarwaɗa guda tana iya zubar da dubban ƙwai a lokaci ɗaya, amma wel da dolfin ɗa ɗaya suke haifa, bayan dogon goyon ciki. Dolfin ɗin da aka fi gani a bidiyo takan yi wata 12 da ciki, sannan ta yi shekara uku zuwa shida kafin ta sake haihuwa. Shuɗin wel wata 10 zuwa 12 ne, wel mai anbar 14 zuwa 16, oka kuwa har wata 15 zuwa 18.

Galibi jela ce take fara fitowa, kai ya zo a ƙarshe, kuma ana ganin hakan yana rage haɗarin jariri ya shaƙi ruwa. Da ya fito uwar ko 'yan uwanta suke tallafa shi zuwa sama ya ja numfashin farko. A watan Yulin 2023 masu binciken Project CETI suka ɗauki bidiyon haihuwar wel mai anbar da jirage marasa matuƙa kusa da tsibirin Dominika, suka ga matan garken sun kewaye uwar, suna karɓa-karɓa wajen ɗaga jaririn a kan ruwa.

Jariri ba shi da leɓɓan tsotso irin na ɗan maraƙi, don haka uwar ce take feso masa nonon a baki. Nonon saniya kitsensa bai wuce kashi 4 cikin 100 ba, na shuɗin wel kuwa yana kaiwa kashi 35 zuwa 50, ya fi kindirmo kauri nesa ba kusa ba. Jaririn da aka haifa da tsawon mita 7 yana ƙara kusan kilo 90 a kullum, kusan buhun shinkafa biyu ke nan.

Tekunmu na cikin ɗakunan haihuwarsu. Tsakanin Yuli da Oktoba, lokacin da damina ta kankama a Kano, wel masu doro suna tasowa daga ruwan ƙanƙara na kudancin duniya su zo mashigin tekun Gini, kusa da Gabon da Benin da Najeriya, su yi barbara su haihu a ruwa mai ɗumi. A watannin nan abinci kaɗan suke ci ko ma ba sa ci, uwa da kitsen da ta tara take shayarwa.

Wani abin mamaki shi ne daina haihuwa. Yawancin dabbobi suna haihuwa har kusan ƙarshen rayuwarsu, amma nau'i biyar na wel masu haƙora, ciki har da oka, matansu suna daina haihuwa su ci gaba da rayuwa shekaru da yawa, kamar 'yan Adam. Tsohuwar oka ita ce jagorar garke, ita ta san inda kifi yake a shekarar yunwa. Wani bincike na 2019 ya nuna jikan da kakarsa ta mutu ya fi shiga haɗarin mutuwa a shekarun da suka biyo baya. Shaƙuwar uwa da ɗa ma ba ƙarama ba ce. A 2018 wata oka da masu bincike suke kira Tahlequah, a gaɓar yammacin Amurka da Kanada, ta yi kwana 17 tana tura gawar jaririnta a kan ruwa, tafiyar kusan kilomita 1,600.

Ɗan uwan dorina

Idan aka ce ka nemo dangin wel mafi kusa a cikin dabbobin da ke raye, ba sai ka je teku ba. Je madatsar ruwan Dadin Kowa a Gwambe, ko ta Kiri a Adamawa, ko kogin Kwara a Yawuri, ko Ayoru a Jamhuriyar Nijar, ka ga dorina. A shekarun 1990 gwaje-gwajen DNA suka nuna wel yana cikin zuriyar dabbobi masu rababben kofato, irin su raƙumi da saniya da tunkiya, kuma a cikinsu dorina ta fi kusa da shi. Masu nazarin tsofaffin ƙasusuwa sun yi ta ja da wannan magana, sai a 2001 aka ba da rahoton ƙasusuwan wasu tsofaffin wel masu ƙafafu huɗu da aka tono a Pakistan, ƙashin idon sawunsu iri ɗaya da na akuya da rago. A lissafin masana kimiyya, zuriyar wel da ta dorina sun rabu kusan shekara miliyan 55 da suka wuce. A hamadar Fayum ta Masar akwai wani kwari da Larabawa suke kira Wadil Hitan, cike da ƙwarangwal ɗin wel masu 'yan ƙananan ƙafafun baya, wanda UNESCO ta sa a jerin wuraren tarihi na duniya a 2005.

Najeriya ma tana da nata kason. A 1920 Charles Andrews na gidan tarihin Landan ya yi bayanin muƙamuƙin wani tsohon wel da aka tono a yankin Ameki da ke jihar Abiya ta yanzu, ya raɗa masa suna Pappocetus lugardi. Kalmar farko tana nufin kakan wel, ta biyun kuwa sunan Lugard ne, gwamnan da sojojinsa suka ci Kano a 1903, wanda jami'ansa suka yada zango a Nassarawa kafin unguwar ta zama GRA. Shekarun ƙashin sun kai kusan miliyan 40, lokacin da teku ya rufe wancan yanki.

Kada a rikita wel da ayu, wanda ake samu a kogin Kwara da Binuwai. Shi ma mai shayarwa ne da ke zaune a ruwa, amma DNA ya nuna giwa ce 'yar uwarsa.

Abin da ke rubuce a ƙwayoyin gado

Ka ɗauki DNA a matsayin babbar manhajar da ke tafiyar da jiki, ƙwayoyin gado kuma ƙananan manhajojin da ke cikinta. A 2019 masu bincike a Jamus suka kwatanta DNA na wel da dolfin da na sauran dabbobi, suka samu ƙwayoyin gado 85 da suka daina aiki a jikinsu, kamar manhajar da aka kashe saboda ba a buƙatar ta. Akwai mai taimakawa wajen fitar da miyau, wanda mai cin abinci a cikin ruwa ba ya buƙata. Akwai masu sa jini ya daskare a jijiya, abin da ke da haɗari ga mai dogon nutso. Akwai masu haɗa sinadarin da ke sa barci da dare. Wel masu haƙora ba sa jin wari, kuma yawancin ƙwayoyin gadon da ke sa a ji zaƙi da ɗaci sun lalace a dukan dangin.

Wasu kuma ƙarfi suka ƙara. Naman wel ja ne wur har ya yi baƙi-baƙi, saboda tsokarsa cike take da wani sinadari mai ajiye iskar oksijin, tamkar fawa bankin da yake nutso da shi. A 2010 aka gano cewa ƙwayar gadon da ke taimaka wa kunne jin siririn sauti ta yi kama sosai a jikin dolfin da jemage, duk da cewa ba dangi ba ne na kusa. Sana'arsu ce ta zo ɗaya.

Likitoci sun fi sa ido a kan wel ɗin tekun ƙanƙara na arewacin duniya, wanda yake iya wuce shekara 200. A 2007 mafarautan Alaska suka samu guntun mashin da aka ƙera a shekarun 1880 a jikin wani da suka kama. Dabba mai wannan girma da tsawon rai ya kamata a ce kansa ta addabe ta, amma ba kasafai take kama ta ba. An karanta jerin DNA ɗinsa a 2015, kuma bincike ya nuna ƙwayoyin jikinsa sun ƙware wajen gyara DNA idan ya lalace. Masu neman maganin kansa da cututtukan tsufa suna bin wannan sawun.

Sai batun ruwa biyu. Bahaushe ya san alfadari: doki yana da ƙunshin gado da ake kira kuromosom guda 64, jaki 62, ɗansu ya fito da 63, shi ya sa kusan kullum ba ya haihuwa. Yawancin wel da dolfin kuwa 44 gare su, don haka nau'i biyu suna iya haɗuwa su haifi ɗan da shi ma zai haihu. A 1985 a wani gidan dabbobin ruwa da ke Hawai aka haifi Kekaimalu. Uwarta dolfin ce mai haƙora 88, ubanta wani babban nau'i ne mai 44, ita kuma ta fito da 66, ta girma ta yi nata 'ya'yan.

Na'urorin da ke bin sawunsu

Ta yaya aka san duk wannan game da dabbar da ke ƙare rayuwarta a ƙarƙashin ruwa? Da kayan da galibinsu ka sani.

Akwai wata 'yar na'ura da ake manna wa wel a gadon baya da roba mai kama fata. Tana ɗauke da makirfo da ma'aunin zurfi da irin sensar da ke juya sikirin ɗin wayarka idan ka kwantar da ita. Bayan awanni sai ta saki ta taso. Da irin wannan na'ura masu binciken Jami'ar Stanford suka auna bugun zuciyar shuɗin wel, suka sanar a 2019 cewa yana sauka har sau 2 a minti idan ya nutse, ya hau zuwa 37 idan ya fito.

Ƙungiyar Ocean Alliance tana da jirgi mara matuƙi mai suna SnotBot, wanda ke ratsa feshin da wel yake fitarwa ta hanci ya kwaso majinarsa. A cikinta ana samun DNA da sinadaran da ke nuna lafiyar dabbar, ba tare da an taɓa ta ba. Karanta DNA kansa ya sauƙaƙa: na'urar MinION ba ta fi ƙaramar waya girma ba, a kafar USB ta laftof ake jona ta, kuma an yi aiki da ita a Najeriya lokacin ɓarkewar zazzaɓin Lasa a 2018.

Zanen ƙasan jelar wel mai doro kamar zanen yatsa yake, kowa da nasa. A shafin Happywhale duk wanda ya ɗauki hoton jela yana iya ɗorawa, kwamfuta ta nemo mai ita. Ta haka aka gano wani namiji da aka ɗauka a gaɓar Kolambiya a 2013 da 2017, sai ga shi a Zanzibar a 2022, tazarar kusan kilomita 13,000.

Wayoyin faiba ma sun zama kunne. A 2022 masu bincike daga Norwe suka nuna cewa idan aka harba hasken leza a cikin silin faiban da ba a amfani da shi, girgizar da kukan wel yake jawowa tana canza yadda hasken yake dawowa. Da haka suka mayar da waya mai tsawon kilomita 120 ta zama jerin makirfo.

A watan Afrilun 2025 Google ya sanar da DolphinGemma, ƙirƙirarriyar basirar da aka horar da sautukan da Wild Dolphin Project, ƙarƙashin Denise Herzing, take tarawa a tsibiran Bahamas tun 1985. An yi ta ƙarama yadda za ta iya aiki a kan wayar Pixel a bakin aiki. Aikinta hasashen sautin da zai biyo baya, kamar yadda kibod ɗin wayarka yake kawo maka kalma ta gaba. Ba fassara take yi ba. Manhajar fassara tana koyo ne daga jimlolin Hausa da aka jera da takwarorinsu na wani harshe, su kuwa dolfin babu wanda ya taɓa zama tafintansu.

Me ya shafe mu?

Dabbar da ke haifar ɗa ɗaya a shekara uku ba ta jure asara. A ƙarni na 20 an kashe wel kusan miliyan 2.9 saboda mai da nama, kafin dokar dakatar da farautarsu don kasuwanci ta fara aiki a 1986, kuma har yau wasu nau'o'in ba su farfaɗo ba. Dolfin ɗin kogin Yangtze na Sin an neme shi sama da ƙasa a 2006 ba a ga ko ɗaya ba. A gaɓar Afirka ta Yamma akwai dolfin mai doro da ba a samun sa a ko'ina a duniya sai nan, har da ruwan Neja Dalta. An ƙiyasta ba su kai 3,000 ba, kuma tun 2017 suna jerin dabbobin da ke dab da ƙarewa. Tarun masunta da ƙarar jiragen ruwa da na binciken mai su ne manyan matsalolinsu, domin ƙara ga mai gani da kunne kamar a haska maka fitilar mota ne a ido.

Ayu ma haihuwarsa ɗaya-ɗaya ce, kuma tun 2013 aka haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe. Man ayun da ake tallatawa a Instagram da WhatsApp, in na gaske ne to an kashe dabbar da ke ƙarewa, in na jabu ne kuma kuɗin mai saye ne suka tafi.

Sai hattara da bidiyon bogi. A watan Agustan 2025 wani bidiyo ya karaɗe TikTok da Facebook, wai oka ya kashe wata mai horar da shi mai suna Jessica Radcliffe a gaban 'yan kallo. Masu bin diddigin labarai suka bincika, babu matar, babu wurin, ƙirƙirarriyar basira ce ta haɗa shi. Kafin ka tura irin wannan a guruf, ɗauki hoton sikirin ka bincika shi a Google Lens, ka duba ko wata sananniyar kafar labarai ta kawo shi. Sannan ka yi amfani da abin da ka karanta yau: duba yadda jelar take kaɗawa, duba ko hancin yana saman kai, duba ko girman dabbar yana canzawa daga wannan sakan zuwa wancan.

Mai son jin muryoyinsu na gaskiya zai same su kyauta a shafin hukumar NOAA ta Amurka. A sa abin kunne mai kyau, domin kukan shuɗin wel yana da kauri sosai, lasifikar waya ba ta iya fitar da shi.